Tabar Siga Mai Tsada: Ganye Ake Saye Ko Zoben Takarda?

Kwanakin baya aiki ya kai ni wani babban otal a nan Ikko. Ina zaune a farfajiya ina jiran mutumin da zan yi hira da shi, sai wani bawan Allah da ke teburin kusa da ni ya yafito sabis, ya yi masa raɗa. Jim kaɗan sai ga sabis ya dawo riƙe da wani ɗan akwatin katako da hannu biyu, kai ka ce jariri ya ɗauko. Da aka buɗe sai na ga taba ce a jere, kowane kara ya fi babban yatsa kauri, tsawonsa kuwa ya kusa taƙi guda. Mutumin ya zaɓi ɗaya, ya shinshina, ya ɗan matsa shi da yatsu, aka datse masa kan da wani ɗan almakashi, ya kunna, ya kishingiɗa. Har baƙona ya zo muka gama hirarmu muka tashi, bai sha rabinsa ba.

Da zan fita na ja sabis ɗin gefe na tambaye shi kuɗin abin. Ya faɗa mini. Na ce, "Akwatin duka?" Ya yi murmushi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, kara ɗaya."

Wannan taba ita ce Turawa ke kira siga, kuma kada mai karatu ya rikita ta da sigari wadda ake sayarwa a teburin mai shayi. Ita sigari garin taba ne da inji ke ɗurawa cikin takarda, dubbai a minti guda. Ita kuwa tabar siga ta ƙwarai ganye ne zalla tun daga ciki har waje, kuma da hannu ake naɗa ta, kara bayan kara. Tun daga shekarar 2022 akwai nau'o'inta da kara ɗaya ke haura dalar Amurka 100 a kantunan Turai. Idan muka tuna cewa a shekarar 2024 dala ta haura naira 1,500, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne, to mai karatu zai ga cewa akwai mutanen da ke ƙona albashin lebura na wata biyu cikin zama ɗaya. Abin tambaya a nan shi ne, shin me mutum ke saye da wannan kuɗi? Kuma abin ya ci kuɗinsa?

AIKIN DA KE CIKIN KARA GUDA

Adalci shi ne mu fara da abin da masu sayar da ita ke kafa hujja da shi, domin kuwa hujjar tasu tana da ƙarfi. Cibiyar wannan sana'a ita ce tsibirin Kuba, inda a shekarar 1492 mutanen Kolumbus suka tarar da 'yan ƙasa suna naɗe busasshen ganye suna kunna masa wuta suna zuƙa. A yammacin tsibirin, cikin lardin Pinar del Rio, akwai wani yanki da ake kira Vuelta Abajo, wanda masana taba suka daɗe suna cewa babu ƙasar da ta kai tasa dacewa da wannan shuka. Gonakin da suka fi suna suna kewaye da garuruwa biyu, San Luis da San Juan y Martinez.

Ana fara yafa iri a kwami, bayan kamar kwana 45 a cire a dasa, daga wajen watan Oktoba zuwa gaba. Shukar da ake son ganyenta ya zama rigar waje ta siga ba a barinta a rana. Ana yi wa gonar baki ɗaya rumfa da farin yadi shara-shara, don ganyen ya fito da faɗi da laushi, babu kaurin jijiya. Idan lokacin girbi ya yi ba a sare shukar gaba ɗaya. Ganye biyu ko uku ake tsinka daga ƙasa, a bar saura, a dawo bayan 'yan kwanaki a tsinki na sama da su, har a kai ƙololuwa. Daga nan sai mata su soke ganyen da allura da zare bibbiyu, a rataya a kan sanduna cikin manyan rumbunan katako, ya yi kamar kwana 50 yana bushewa a hankali, daga kore ya koma rawaya, daga rawaya ya koma ruwan ƙasa.

Bushewa ba ita ce ƙarshe ba. Ana tara ganyen tuli-tuli a rufe shi ya yi zufa da kansa, kusan yadda mata ke rufe dafaffiyar kalwa idan za su yi daddawa. Wannan zufa ita ke fitar da ɗaci da wari mai hawa kai, kuma akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya riƙa auna zafin tulin, idan ya yi yawa a warware a sake tarawa. Sa'an nan a ɗaure cikin dammuna a ajiye. Ganyen saman shuka, wanda ya fi shan rana ya fi kuma ƙarfi, yakan yi shekara biyu ko fiye a ajiye kafin a taɓa shi. Wato ke nan manomi ya yi shuka bana, amma sai baɗi waccan ko bayanta abin zai isa hannun mai naɗi. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da jari ya kwanta shekara uku.

Shi mai naɗi kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: allon katako, da wata 'yar wuƙa mai faɗi mara ƙota, da ɗan ƙaro na itace mara ɗanɗano. Zai haɗa ganyen ciki iri uku, na ƙasa don ya ci wuta, na tsakiya don ƙanshi, na sama don ƙarfi. Zai naɗe su da wani ganye wanda za mu iya kira 'yar ciki, ya matse a cikin mazubin katako, daga bisani ya sa musu babbar riga, wato wancan ganye mai laushi da aka rena a inuwa. Idan ya cika ganye da yawa hayaƙi ba zai bi ba, idan kuma ya yi sako-sako za ta ci da sauri ta ƙona baki. Koyon aikin kan ɗauki wata tara, kuma gwani yakan naɗa tsakanin kara 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girman wadda aka ba shi. Bayansa akwai mai tantance launi, wanda ke jera karan da suka yi kama da juna a akwati ɗaya, da mai sa zoben takarda. Kamfanin Habanos, wanda shi ke da alhakin sayar da tabar Kuba a duniya, yana cewa tsakanin iri da akwati akwai aikin hannu fiye da iri 500.

Wani abin sha'awa, tun shekarar 1865 masana'antun Habana ke ɗaukar mutum guda wanda aikinsa shi ne ya hau kan dandamali ya riƙa karanta wa masu naɗi jaridu da littattafai suna aiki suna sauraro. Daga irin waɗannan littattafai ne shahararrun sunaye biyu suka fito, Romeo y Julieta ta 1875 da Montecristo ta 1935. Mu da muke aikin jarida ba mu ƙi a ce masaƙu da masana'antunmu sun ari wannan al'ada ba.

Afirka ma tana da hannu a ciki. Ɗaya daga cikin ganyayen riga da aka fi daraja a duniya a gabashin Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ake noma shi, ƙananan manoma ne ke yi a ƙananan gonaki. Kamfanin Arturo Fuente yana sa shi a kan wasu daga cikin sigoginsa da suka fi suna.

To, duk wanda ya bi wannan bayani zai yarda cewa araha ba ta ado. Sigar da inji ya cusa wa ɓarɓashin ganye, aka naɗe ta da takardar da aka yi da garin taba, ba za ta taɓa zama ɗaya da wadda aka yi wa wannan hidima ba. Sai dai fa a lura da abu ɗaya: duk wannan hidima da muka zayyana ana yi wa sigar dala 10, ana kuma yi wa ta dala 100. Gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, wuƙa ɗaya. Saboda haka dole a nemi dalilin ragowar dala 90 a wani wuri.

SUNAN DA SIYASA TA GINA

Dalili na farko tarihi ne. Bayan juyin juya halin 1959, gwamnatin Fidel Kastiro ta ƙwace masana'antun taba a watan Satumba na 1960. A watan Fabrairu na 1962 Shugaba Kenedi na Amurka ya ƙaƙaba wa Kuba takunkumin ciniki. Kakakinsa, Pierre Salinger, ya ba da labari daga baya cewa ana gobe za a sa hannu shugaban ya kira shi ya ce ya samo masa sigar H. Upmann aƙalla kara dubu kafin gari ya waye. Da safe ya kawo rahoton ya samo 1,200, nan take shugaban ya jawo takarda ya sa hannu. Tun daga ranar har yau haramun ne a sayar da tabar Kuba a Amurka, kuma sanin kowa ne cewa abin da aka hana ɗan Adam shi ya fi yi masa kwarjini.

Sunan da ya fi kowane tsada a yau, wato Cohiba, shi ma ɗan siyasa ne. Wani mai gadin Kastiro ne ke shan wata siga da abokinsa ke naɗa masa, shugaban ya ji ƙanshinta ya nemi a riƙa yi masa. A 1966 aka raɗa mata suna, aka keɓe mata masana'anta a wani tsohon gidan attajirai da ake kira El Laguito. Shekara 16 ba a sayar da ita ga kowa. Shugaba ke sha, sai kuma shugabannin ƙasashe da jakadu da ake ba su kyauta. Sai a 1982 aka fito da ita kasuwa. Gaskiya ne ana zaɓar mata ganye daga gonaki mafi kyau, ana kuma ƙara wa wani sashe na ganyen zufa ta musamman a cikin ganguna. Amma wanda ya sayi Cohiba ya sani, ko bai faɗa ba, cewa rabin abin da yake so shi ne a gan shi da wannan zobe mai launin rawaya da baƙi.

A ɗaya gefen kuma, iyalan da aka ƙwace wa masana'antu ba su zauna sun rungume hannu ba. Sun fice da iri da ilmi a ka, suka bazu zuwa tsibiran Kanari, da Jamhuriyar Dominika, da Honduras, da Nikaraguwa. José Orlando Padrón ya buɗe ɗan shagonsa a Miyami a 1964, daga baya ya koma noma da naɗi a Esteli ta Nikaraguwa, inda ƙasa ke da baƙin turɓaya na duwatsu masu aman wuta. Sakamakon haka shi ne a yau akwai Montecristo biyu, Partagas biyu, Romeo y Julieta biyu, har Cohiba biyu: ɗaya ta Kuba da ake sayarwa a sauran duniya, ɗaya kuma ta wata ƙasa da ake sayarwa a Amurka, kuma an kwashe shekaru ana shari'a a kan sunan Cohiba. Amurka ta shigo da sigar hannu fiye da kara miliyan 400 a shekarar 2021, fiye da rabi daga Nikaraguwa, babu ko ɗaya daga Kuba.

SAI AN GWADA

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1992 wani Ba'amurke mai suna Marvin Shanken ya kafa mujallar Cigar Aficionado, wadda ke ba siga maki bisa 100. Yadda suke yi shi ne a cire zoben, a manna lamba, a ba alƙalai su sha ba tare da sun san ko ta wane kamfani ce ba. A ƙarshen kowace shekara kuma su fitar da gwarzuwa.

A 2010 wadda ta ci ita ce Cohiba Behike, sarauniyar masu tsada, wadda ake sa mata wani ganye da ke fitowa a can ƙololuwar wasu shuke-shuke kawai. Wannan ya nuna mai tsada tana iya zama mai kyau ƙwarai, babu mai musun haka. Amma a 2008 wadda ta ci ita ce Casa Magna ta Nikaraguwa, wadda kuɗinta a lokacin bai kai dala 6 ba. A 2012 kuma Flor de las Antillas ta ci, ita ma daga Nikaraguwa, a kan kimanin dala 7. Alƙalan nan mutane ne da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan abu. Da aka ɓoye musu suna sai ga shi harshensu yana kai su ga mai tsada wata shekara, wata shekara kuma ya kai su ga mai rahusa.

Kuma tsada ba ta hana aibi. Zino Davidoff, mai shahararren kantin nan na birnin Janeba, ya yi shekaru ana naɗa masa siga da sunansa a Kuba. A 1989 ya tara fiye da kara 100,000 ya cinna musu wuta a bainar jama'a, ya ce ba su cancanci a sayar ba, daga bisani ya kwashe harkarsa ya mayar Jamhuriyar Dominika. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 Kuba ta shiga matsin kuɗin waje, ta matsa wa masana'antunta su ninka abin da suke fitarwa, aka ɗebi sababbin hannu, aka yi amfani da ganyen da bai gama kwanciya ba. Masu shan siga har yanzu suna tuna ƙarshen shekarun 1990 a matsayin lokacin da mutum zai buɗe akwati mai tsada ya tarar da karan da ko hayaƙi ba ya bi ta cikinsu. Sai da aka kawo injunan gwada zuƙa a farkon shekarun 2000 abin ya yi sauƙi.

To me ya sa wanda ya biya kuɗi da yawa yake rantsuwa cewa ya ji bambanci? Ba lalle ne ƙarya yake yi ba. A 2008 wasu masana a jihar Kalifoniya suka yi wani gwaji da giyar inabi. Suka ba mutane giya ɗaya sau biyu, a karo ɗaya aka ce musu kwalbar dala 10 ce, a ɗaya karon aka ce ta dala 90 ce, ana kuma ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Mutanen suka ce ta dala 90 ta fi daɗi, kuma na'urar ta nuna sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi ya fi motsawa da gaske. Ashe farashi da kansa yana da ɗanɗano. Tun a 1899 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Thorstein Veblen, ya rubuta cewa akwai kayan da masu hali ke saye domin a ga sun iya saye, irin kayan da idan aka rage musu kuɗi sai su rage farin jini. Mu ma nan ba baƙin wannan hali ba ne. Wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya ga yadda ake kallon shaddar juna ya san zancen.

SHEKARAR DA FARASHI YA TASHI

Idan akwai mai sauran shakka, abin da ya faru a 2022 ya isa ya kawar masa da ita. Rabin kamfanin Habanos na gwamnatin Kuba ne, ɗaya rabin kuma yana hannun kamfanin Imperial na Ingila har zuwa 2020, lokacin da ya sayar wa wasu masu zuba jari. Shekara biyu bayan haka kamfanin ya ba da sanarwar cewa daga yanzu farashin Cohiba da Trinidad a ko'ina cikin duniya zai bi na Hongkong, ɗaya daga cikin kasuwannin da suka fi tsada. Cikin 'yan makonni kuɗin wasu nau'o'i ya ninka biyu, wasu uku. Ganyen bai canja ba, masu naɗin su ne dai na jiya, akwatin ma shi ne. Abin da ya canja shi ne attajiran ƙasar Sin sun shigo kasuwar da ƙarfi, har ƙasar ta zama ta ɗaya wajen kuɗin da ake kashewa a kan tabar Kuba.

Ƙarancin kaya ma ya taimaka. Annobar korona ta rage aiki a masana'antu, ƙwararrun ma'aikata da yawa sun bi ayarin masu ƙaura daga tsibirin, sa'an nan a watan Satumba na 2022 mahaukaciyar guguwar nan da aka kira Ian ta faɗa wa Pinar del Rio ta rushe dubban rumbunan shanya taba. Amma duk da kayan sun ragu, kuɗin shiga hawa ya yi: dala miliyan 545 a 2022, miliyan 721 a 2023, miliyan 827 a 2024. A bikin taba da aka yi a Habana a 2023 an yi gwanjon wata ma'ajiyar Cohiba guda ɗaya a kan yuro miliyan 4.2, kuɗin da masu bikin ke cewa ana zuba shi a harkar lafiyar ƙasar.

Wanda kuma yake lallashin kansa da cewa tsadar tana komawa ga mai naɗi, sai ya sake lissafi. A 2024 matsakaicin albashin ma'aikacin gwamnati a Kuba, idan aka canja shi a kasuwar bayan fage, bai kai dala 30 a wata ba. Kara ɗaya na Behike kuwa ɗaruruwan daloli ne.

A ganina dai amsar ta fito. Daga mai araha ƙwarai zuwa ta tsaka-tsaki, wato wajen dala 10 zuwa 20, kowane ƙarin kuɗi yana sayo wani abu da ake iya taɓawa: cikakken ganye maimakon ɓarɓashi, shekarun ajiya, hannun gwani. Daga nan zuwa sama abin da ke ƙaruwa a cikin ganyen kaɗan ne, abin da ke ƙaruwa a kan zoben shi ne mai yawa. Wanda ya san haka ya kuma saya, to ya sayi abin da yake so, kuɗinsa ne. Abin tausayi shi ne wanda ya ɗauka ninki goma na kuɗi ninki goma ne na daɗi.

CINIKIN BIRI A SAMA

Ga mai saye a ƙasa irin tamu kuwa akwai ƙarin matsala biyu. Ta farko jabu. Babu sigar da ake kwaikwayo kamar Cohiba, kuma a titunan Habana kanta akwai masu tare baƙi su ce ɗan'uwansu na aiki a masana'anta, ga akwati a kan rubu'in kuɗi. Waɗanda suka tsaga irin waɗannan sun sha tarar da sharar masana'anta da ganyen da ba na taba ba. Wata alama da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce akwatin Cohiba mai murfin gilashi. Kamfanin ba ya fitar da irinsa, duk inda aka gan shi jabu ne. Akwati na gaskiya yana ɗauke da koren hatimin gwamnatin Kuba, wanda tun 2009 aka ƙara masa tambari mai walƙiya da lamba ta musamman da ake iya dubawa a intanet. To amma wanda aka miƙo masa kara ɗaya a kan faranti, ko aka kawo masa tsaraba daga tafiya, ina ya ga hatimi?

Ta biyu yanayi. Siga abu ne mai rai, kamar goro. Tana son danshi kimanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi madaidaici, shi ya sa ake ajiye ta a cikin akwati na musamman mai riƙe danshi. A bar ta a fili cikin hunturun Kano ko Sakkwato, kwana kaɗan rigarta za ta tsage, man da ke ba ta ƙanshi ya tafi, ta koma kamar karan dawa. A bar ta a damunar Ikko ko Fatakwal ta yi funfuna. Idan zafi ya yi yawa kuma, akwai wani ɗan ƙwaro da ƙwansa ke kwance cikin ganyen, sai ya ƙyanƙyashe ya huda akwati guda kamar yadda ake huda wake a buhu. Mai goro ya san yadda zai yi da huhunsa, yana yayyafa ruwa yana canja ganye. Sigar da ta kwana uku a kantin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, ko da ta gaskiya ce, ba ita ce wadda ta bar Habana ba, amma kuɗin bai ragu ba.

ABIN DA BA A RUBUTA A KAN AKWATI BA

Akwai kuma wani kuɗin da mai tsada da mai araha suka yi tarayya a kansa. Masu shan siga sukan ce su ba sa haɗiye hayaƙi, a baki kawai suke juya shi su fesar, don haka ba ruwansu da abin da ke samun masu sigari. Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar da babban rahoto a kan wannan a 1998, kuma abin da ta gano bai goyi bayansu ba. Babbar siga guda tana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari sukutum. Hayaƙinta irin wanda nikotin ke ratsa fatar baki ne ya shiga jini ko ba a haɗiye ba. Wannan zufa da muka yaba a baya, wadda ke gyara ɗanɗano, ita ce kuma ke ƙara yawan wasu sinadarai masu haddasa ciwon daji. Mai shan siga a kai a kai yana cikin haɗarin ciwon daji na leɓe, da harshe, da maƙogwaro, da hanyar abinci, wanda kuma ke zuƙa har ciki ya ƙara da na huhu da ciwon zuciya. Babu wani bincike da ya nuna ganyen Vuelta Abajo ya fi sauran sauƙi a wannan fanni. A nan Nijeriya dokar taba ta 2015 ba ta ware siga ba; hanin sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba da hanin sha a wuraren taruwar jama'a duk sun hau kanta.

Idan aka kawo wannan magana, masoyanta sukan jawo sunan Winston Cocil, firayim ministan Ingila na zamanin yaƙin Hitila, wanda ya saba da tabar Kuba tun zuwansa tsibirin a 1895, har aka sa wa wani girman siga sunansa, ya kuma rasu a 1965 yana da shekara 90. Ba su cika ambaton Sigmund Freud ba, likitan nan masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke shan wajen kara 20 a yini. A 1923 aka gano yana da ciwon daji a muƙamuƙi, aka yi masa aiki fiye da sau 30 cikin shekara 16, aka sa masa muƙamuƙin roba da ke hana shi magana da cin abinci yadda ya kamata, amma bai iya dainawa ba har ya mutu a Landan a 1939. Haka Janar Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, ciwon daji na maƙogwaro ya kashe shi a 1885.

Shi kansa mutumin da aka ƙirƙiri Cohiba dominsa bai daɗe da ita ba bayan ta shiga kasuwa. A 1985, shekara uku kacal da fara sayar da ita, Fidel Kastiro ya ajiye shan taba, a daidai lokacin da gwamnatinsa ke yaƙin wayar da kan jama'a game da illarta. Masana'antar El Laguito ta ci gaba da naɗi, ƙasar ta ci gaba da karɓar kuɗin waje, shi kuwa akwatunan da suka zo hannunsa baƙi yake raba wa. Ya rasu a 2016 yana da shekara 90.